Furen lambuna a cikin kwalba

Tun da yamma na fara aikin, ko da yake sai washegari zan yanki furen. Na ɗauko kwalbar gilashin da na zaɓa da bokitan roba biyu, na wanke su da sabulu da ruwan ɗumi. Na sa dogon buroshi na goge gindin kwalbar ta ciki, inda wani farin dauɗa yake maƙalewa idan ruwa ya taɓa kwana, sannan na ɗauraye komai da ruwan da na ɗiga wa bilic na wanki kaɗan. Wanda bai saba ba zai ce tsirfa ce. Amma yawancin furen da ke langaɓewa da wuri a ɗaki, ƙishirwa ce ke kashe shi alhali ga ruwa nan har wuyan kwalba. Ƙwayoyin bakteriya ne ke hayayyafa a cikin ruwan, su taru a bakin karan da aka yanka, su toshe siraran hanyoyin da ruwa ke bi ya hau sama. Kwalbar da aka ajiye ba a wanke ba tana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi tun kafin a zuba mata sabon ruwa. Shi ya sa nake wanke ta har sai na ga zan iya shan ruwa da ita.

Daga nan na fita na ba lambun ruwa sosai, a gindin shuka, ba a kan ganye ba.

Da sassafe na fita, rana ba ta ɗaga ba, raɓa tana nan a kan ganye. Lokacin yanka yana da dalili. Da rana ganye yana fitar da ruwa zuwa iska fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa, shi ya sa ko shukar da ba ta rasa ruwa ba za ka ga ta ɗan yi laushi da tsakar rana. Cikin dare ne take ramawa, kafin gari ya waye kowane kara ya cika ya tsaya ƙyam. Furen da aka yanka a wannan hali yana da abin da zai riƙe shi har ya koyi shan ruwan kwalba, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan safiya ta wuce mutum, to ya jira har rana ta yi sanyi, dab da faɗuwarta. Yankan yamma ma yana da nasa amfani, domin shukar ta wuni tana tara sukari a jikinta.

Bokiti na riƙo da ruwa kamar tsawon tafin hannu a ciki, ina tafe ina jan sa daga wannan kunya zuwa waccan. Duk karan da na yanka, kafin in kai hannu ga na gaba ya shiga ruwa. Ba na tara su a hannu in ce sai na koma ciki. Almakashin lambu nake amfani da shi, mai kaifi, wanda bakunansa biyu ke wuce juna. Almakashin ɗinki ko na takarda matse kara yake yi kafin ya yanke shi, ya murƙushe hanyoyin ruwan nan da nake ta lallaɓawa. Wuƙa mai kaifi ma tana yi, ga wanda hannunsa ya saba.

Abin da ya fi cin lokaci a lambu shi ne sanin wanda ya isa yanka, domin kowane fure da nasa lokacin, kuma wasu saɓanin juna suke.

Wardi na fara dubawa. Shi ana yankansa ne kafin ya buɗe. Ina neman wanda koren fallayen nan da ke rufe da ƙullin suka riga suka lanƙwasa baya, falle ɗaya ko biyu na waje kuma suka fara saki. Idan na ɗan matsa ƙullin da yatsu biyu na ji ya ɗan bayar, ya isa. Wanda yake da tauri tamau na bar shi, domin irinsa sau da yawa ba ya buɗewa a kwalba, sai dai wuyansa ya karye ya sunkuyar da kai yana nan a dunƙule. Wanda ya riga ya baje kuwa ya gama rabin rayuwarsa a jikin uwarsa, gara ya ƙarasa a can. Wurin yankan ma ina lura da shi: ina gangarawa har in sami ganye mai 'ya'ya biyar da ke fuskantar waje, in yanka kaɗan a samansa. Daga hammatar wannan ganyen sabon reshe zai fito, kuma zai nufi waje maimakon ya cushe tsakiyar shukar.

Ziniya kuwa sai ta buɗe sarai, domin da zarar an raba ta da uwarta ba ta ƙara buɗewa. Buɗewar ma ba ta isa shaida ba. Akwai wadda za ka gani fuska a buɗe, launi ya fito, amma wuyan bai ƙosa ba. Sai in kama karan kamar santimita 20 ƙasa da kan furen in ɗan girgiza. Idan kan ya yi ta lilo, ba ta isa ba, ko na sa ta a ruwa za ta langaɓe kafin yamma. Idan kara da kai suka motsa tare a tsaye, na yanka. Kuma ina yankawa da zurfi, can ƙasa a saman gaɓar da ganye biyu suka fito suna kallon juna, ko da hakan na nufin in tafi da ƙananan ƙulli biyu a gefe. Da farko abin yana da ciwo a rai, amma ziniya da aka riƙa tsinkar kanta kawai gajerun rassa take bayarwa, waɗanda ba sa kai bakin kwalba.

Daliya ma kusan a buɗe ake yankanta, sai dai ita bayanta nake juyawa in duba. Fuskarta tana iya yin kyau alhali fallayen baya sun fara bushewa ko sun yi ruwan ƙasa, irin wannan tana shiga ɗaki za ta fara zuba. Giladiyolas dogon kara ne da furanni a jere daga ƙasa zuwa sama, kuma daga ƙasa suke fara buɗewa. Na yanki waɗanda na ƙasa ɗaya ko biyu suka nuna launi, sauran za su biyo baya a kwalba. Na bar wa kowace shuka ganye aƙalla huɗu, don su ne za su ciyar da albasar da ke ƙasa ta sake fitowa. Wannan fure ba a kwantar da shi. Idan ya ɗan jima a kwance, bakinsa na sama yana lanƙwasawa ya nemi sama, kuma ko an miƙar da shi daga baya lanƙwasar ta zauna ke nan. Kosmos na ɗauki waɗanda suka fara tsagewa a safiyar, kafin ƙudan zuma su same su, domin furen da aka riga aka yi wa barbara ya gama aikinsa, fallayensa ba sa daɗewa. Na ƙara da marigol kaɗan.

Habiskus yana nan a bakin katanga ya yi ja wur, na wuce shi. Furensa yini ɗaya ne ko a jikin bishiyarsa. Bugenbiliya ma na bar ta, saurin yaushi gare ta in an yanka.

Sai ganye. Sabon shiga yakan dawo da fure zalla, sai ya tsaya gaban kwalba ya ga babu abin da zai riƙe masa su. Na bi shinge na yanko rassan da ganyensu ya ƙosa, mai duhun kore da ɗan kauri. Sabon toho mai laushi yana da kyau a ido amma shi ne farkon faɗuwa. Na haɗa da 'yan kawunan ciyawa da suka fitar da geza a gefen hanya, waɗanda da a ce ranar cire ciyawa ce da sun tafi bola. Ina kuma yanka daga baya da ƙasan kowace shuka, don kada in koma ɗaki da kyau in bar lambun a tsiraice.

A inuwa na zauna na yi gyara. Kowane kara na ɗauka na zage ganyen da ke kashi biyu cikin uku na ƙasansa, na tabbatar babu ganye ko ɗaya da zai nutse a ruwa. Ganyen da ya jiƙu ruɓewa yake yi, shi ne abincin ƙwayoyin da na kwana ina kora. Marigol ya fi kowa laifi a nan, ganyensa idan ya kwana a ruwa warin yakan cika ɗaki. Rage ganye yana da wani amfani kuma: kowane ganye ƙofa ce da ruwa ke fita, kara kuwa yanzu babu saiwar da za ta rama masa. Ƙayar wardi ba na karce ta da wuƙa, don hakan yana fere bawon ya bar rauni. Na ƙasa kawai nake datse wa baki da almakashi, saboda kada su riƙa kama maƙwabtansu idan ina jeri.

Bayan haka na sake yanke ƙasan kowane kara, santimita 2 zuwa 3, a karkace. Ruwan da ke cikin kara a jaye yake, ganye ne ke zuƙo shi daga sama. Da an yanka, wannan jan bai tsaya ba, sai ya zuƙi iska ta bakin yankan. Ɗan kumfan iskar nan yana tsayawa a hanya ya hana ruwa wucewa. Yankan na biyu shi ke cire wurin da iskar ta shiga. Wardi ya fi damuwa da wannan, don haka nasa a cikin kwanon ruwa na yi, bakin karan yana nutse almakashi ya same shi a can. Karkacewar kuma don kada karan ya zauna daram a gindin kwalba ya rufe bakinsa da kansa.

Rassan shinge masu itace na tsaga musu ƙasa da wuƙa, kamar santimita 2. Na san akwai masu daddaka su da guduma wai don su fi shan ruwa. Ban yarda da wannan ba, naman da aka murƙushe ba ya ɗaukar ruwa, ruɓewa yake yi. Akwai kuma shukoki masu nono, waɗanda farin ruwa ke fitowa da an yanke su. Nonon yana daskarewa ya liƙe bakin karan, yana kuma ɓata ruwan kwalba. Irin waɗannan ana tsoma ƙasansu a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 20 zuwa 30, a kare kan furen daga tururi da takarda, sannan a mayar cikin ruwan sanyi. A sa safar hannu, kuma kada hannun ya je ido, don nonon wasunsu yana ƙona fata. Mai furen dafodil a lambunsa ya sani cewa yaukin da ke fita daga karansa yana cutar da sauran furanni, sai a ware shi a nasa ruwan na wasu sa'o'i tukuna. Mai lili kuma ya tsinke kawunan nan masu garin rawaya da zarar furen ya buɗe, domin garin yana ɓata tufafi, ya kuma sani cewa lili guba ce mai kisa ga kyanwa.

Na cika bokiti na biyu da ruwa mai tsabta, na zuba su ciki har kusan wuya, na kai kusurwar da ta fi sanyi da duhu a gidan. Nan suka zauna har la'asar. Sa'a uku ko huɗu ita ce mafi ƙaranci, kwana ɗaya ya fi. Wannan hutu shi ne matakin da aka fi tsallakewa, don ido yana ɗokin ganin furen a kan tebur. Amma a nan ne kara ke cika ya yi ƙarfi, kuma a nan ne wanda ba zai yi ba yake nuna kansa. Da na dawo na tarar da ziniya biyu sun sunkuya, na fitar da su tun kafin in gina komai a kansu. Tururuwa da ƙananan gizo-gizo da suka biyo daliya su ma sun fito sun hau bakin bokiti, na kai su waje.

Ruwan kwalba na haɗa shi da kaina. A lita ɗaya na zuba babban cokali biyu na ruwan lemun tsami, babban cokali ɗaya na sukari, da rabin ƙaramin cokali na bilic. Kowanne da aikinsa. Sukari shi ne abincin da ganye ya daina samarwa, da shi ƙullin wardi da na saman giladiyolas za su sami ƙarfin buɗewa. Tsamin yana sa ruwa ya fi saurin hawa cikin kara, yana kuma rage wa bakteriya daɗin zama. Bilic shi ke kashe su. Sukari shi kaɗai, ba tare da bilic ba, ya fi ruwa zalla muni, don ƙwayoyin ka ciyar. Ana fara zuba ruwan ne, sannan a sa kowane abu a cikinsa a juya. Ba a haɗa bilic da lemun tsami su biyu a kofi, iskar da suke fitarwa tana da haɗari ga numfashi. Wannan haɗin kuma na gilashi ne ko tangaran, kwanon ƙarfe ba ya shiri da tsami.

Ina cikin juyawa yayata ta leƙo ta ce, "Ke da wahalar da kai. Ki jefa kwabo a ciki kawai, ai haka ake yi."

Na ce, "Yaya, kwabon zai zauna a gindi ne yana kallona."

Maganar tana da ɗan tushe, jan ƙarfe yana kashe wasu ƙwayoyi. Sai dai abin da ke narkewa daga jikin kwabo zuwa ruwa bai kai ya yi wani aiki ba. Ta yi dariya ta ja kujera ta zauna kallo.

Kwalbar tawa mai faɗin baki ce, irin wadda fure ke zamewa gefe ya bar tsakiya fayau. Mai ƙunƙuntaccen wuya ita ke riƙe kara da kanta, ta fi sauƙi ga wanda furensa kaɗan ne. Mai faɗi tana buƙatar taimako. Na goge bakinta ya bushe ƙayau, na ja siririn salatif mai haske layi uku a tsaye, uku a kwance, na zagaye bakin da wani don ya danne ƙarshensu. Sai ga ƙananan tagogi da kowane kara zai shiga ya jingina. Da a ce tukunyar tangaran ce da ba a ganin cikinta, da guntun ragar waya ta kejin kaji zan dunƙule in cusa, ita ta fi riƙo. A faranti mara zurfi kuwa akwai wani ƙarfe mai nauyi da allurai a tsaye da ake soka kara a kai, sunansa kenzan, masu fasahar jera fure ta Japan da ake kira ikebana ne suka shahara da shi. Koren soson nan da masu sayar da fure ke soka kara a ciki an ƙirƙiro shi ne a Amurka a 1954. Yana da sauƙin aiki, amma roba ce da ba ta ruɓewa, tana marmashewa ta bi ruwa, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta hana amfani da shi a bukukuwan nunin furanninta daga 2021. Ni dai ban ga abin da zai kawo shi teburina ba, ga shi kara ya fi shan ruwa in yana tsaye a ruwa kai tsaye.

Da ganye na fara. Na sa rassan a karkace ta tagogin gefe, ƙafafunsu suna giftawa juna a cikin ruwa, har suka saƙa wata raga ta biyu a ƙarƙashin salatif. Wasu na bar su sun zubo kan bakin kwalba sun rufe shi. Tun a nan siffar abin take fitowa: gefen hagu na bar shi ya yi tsawo, na dama ya kwanta ya miƙa waje.

Sai dogaye. Ƙa'idar da aka saba ita ce mafi tsawo ya kai tsawon kwalba sau ɗaya da rabi a saman bakinta. Ba doka ba ce, amma idan ya gaza sosai kwalbar tana haɗiye furen, idan ya zarce kuma sai ka riƙa jin kamar abin zai kife. Giladiyolas uku na sa, babu biyu masu tsawo ɗaya, kuma ban jera su a layi ba: ɗaya ya miƙe sama ya ɗan karkata hagu, na biyu ya fi shi gajarta ya jingina baya, na uku ya leƙo gaba. Wannan dabarar manyan layuka uku masu bambancin tsawo daga ikebana na aro ta. Kafin in yanke kowane kara nakan jawo kwalbar bakin tebur, in riƙe furen a gefenta, ƙafarsa tana reto ƙasa da tebur, in ɗaga in sauke har in ga tsawon da ya dace. Sannan in yanka ƙasa da inda na auna kaɗan. Ragewa tana yiwuwa daga baya, ƙari ne ba ya yiwuwa.

Manyan fuskoki, wato daliya da wardi, na sa su ƙasa kusa da baki, inda nauyinsu zai zaunar da abin. Masu duhun launi na tura su can ciki, masu haske na jawo su waje da sama. Ban bari duka su kalli gaba ba, wata na kallon gefe, wata ta ɗan ɓuya a bayan ganye ana ganin rabinta.

A nan ne furen lambu ya bambanta da na kanti, kuma a nan na fi daɗewa. Na kanti an rene shi ne ya miƙe sambal, kowane kara kamar ɗan'uwansa. Nawa kuwa iska ta kaɗa shi, ya bi rana ya lanƙwasa, wani ya kwanta a ƙasa sannan ya ɗago kai. Idan na ce sai na miƙar da shi, faɗa za mu yi ta yi, in saka shi ya juya, in gyara ya koma. Abin da nake yi shi ne in riƙe karan sako-sako tsakanin yatsu biyu in bar shi ya juya da kansa har ya tsaya inda nauyinsa ya kai shi. Yadda ya tsaya a hannuna haka zai tsaya a kwalba, sai in nema masa gurbin da wannan lanƙwasar za ta yi amfani. Akwai wata ziniya da karanta ya karkace sau biyu, da farko na ware ta gefe. Daga baya ita ce ta zubo ta gefen dama ta miƙa waje, ta haɗa dogon gefe da gajere. Miƙaƙƙen kara ba zai iya wannan aikin ba.

Kosmos da kawunan ciyawa su ne na ƙarshe. Na bar su sun ɗara sauran tsawo kaɗan, don siraran karansu suna motsi da an wuce. Ina sa kowane ɗaya ina juya kwalbar, domin wanda ya tsaya a gefe guda yakan gina fuska mai kyau da ƙeya mai sanƙo.

Da na ja baya na duba, launin ya yi hayaniya. Ja, ruwan hoda da fari suna tafiya tare, marigol mai ruwan lemo kuwa ya shigo tsakani yana jan ido ko'ina. Na zare shi gaba ɗaya na sa shi a ƙaramin kofin gilashi shi kaɗai, ya kuwa yi kyau a can. Na zare wasu kara uku ko huɗu daga tsakiya inda suka cushe. Ana cewa a sa fure da adadin mara, uku ko biyar ko bakwai. Yana taimakawa idan furen kaɗan ne, amma da sun yi yawa babu mai ƙirgawa. Abin da ido ke lura da shi shi ne ko akwai fili tsakanin wannan fure da wancan. Na zauna a kujera na kalle shi daga inda mai zama zai gan shi, don wanda ke tsaye yana jeri daga sama yake kallo, ba ya ganin ramin da ke ƙasa. Na kuma ɗauki hoto da waya. Hoto yana nuna giɓi da karkata da ido ya riga ya saba da su. Yaya ta nuna wani wardi da ya tsaya daidai tsakiya yana fuskantar mutum kai tsaye, ta ce a ɗan kautar da shi. Gaskiyarta, na kautar.

Wurin ajiyewa na zaɓi inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, nesa da fanka da bakin na'urar sanyaya ɗaki, don iska mai kaɗawa tana tsotse ruwan fallaye. Ban ɗora shi kusa da talabijin ba saboda ɗumi. Kwanon 'ya'yan itace na ɗauke shi daga teburin. Ayaba da tuffa da makamantansu, idan suna nuna, suna fitar da iskar etilin, wadda ke gaya wa fure cewa lokacin tsufa ya yi, sai ya zubar da fallaye da wuri. Hayaƙin taba ma yana ɗauke da ita.

A yinin farko suka fi shan ruwa, da safe na tarar ya sauka sosai har gajerun kara sun kusa fita, na ƙara. Daga nan duk bayan kwana biyu nake canza ruwan gaba ɗaya. Ba na wargaza jerin: ina kama furannin duka da hannu ɗaya in ɗago su tare, in wanke kwalbar, in sake salatif idan ya saki, in datse santimita ɗaya ko biyu a ƙasan kowane kara, in mayar. Idan ruwa ya fara gurɓacewa ko ya yi wari ba na jiran kwana biyun su cika. Wani wardi ya sunkuyar da wuya tun yana ƙulli, alamar iska ko dauɗa ta toshe shi. Na fitar da shi, na yanke ƙasansa da yawa a cikin ruwa, na kwantar da shi gaba ɗaya har kai a baho na ruwan ɗumi-ɗumi kamar sa'a guda. Ya miƙe. Ba kullum dabarar ke ci ba, sai an yi ta da wuri kafin wuyan ya yanƙwane.

Akwai masu sa kwalbar a firiji da dare, kuma sanyi yana ƙara wa wardi da irinsa kwana, muddin babu 'ya'yan itace a ciki. Furannin ƙasashe masu zafi irin su okid da anturiyom kuwa sanyin firiji baƙanta su yake yi.

Ba tare suke ƙarewa ba. Kosmos ne ya fara zuba, daliya ta biyo, sai wardi. Duk wanda ya gama ina zare shi nan take, don fure mai mutuwa shi ma yana fitar da etilin ya ja na kusa da shi. Giladiyolas ina tsinke na ƙasa da suka yanƙwane, na sama suna ci gaba da buɗewa, ina rage masa tsawo. Ziniya da marigol su suka fi kowa juriya, sukan kai mako ko su wuce. Da abin ya ragu har babbar kwalba ta yi masa yawa, na mayar da sauran ƙaramar kwalba, na gajarta su, na sake jeri. Waɗanda suka gama na kai su ramin taki.

A lambu kuwa, kowace gaɓar ziniya da na yanka a samanta ta fitar da reshe biyu, wardin ma ya yi jan toho daga hammatar ganyen nan. Fure ba zai yi mini ƙaranci a yanka na gaba ba. Ganye ne matsalata, shingen ba zai jure aski kowane mako ba, kuma shi na fi nema lokacin da nake gaban kwalba. Na riga na share wata kunya a gefen inuwa, zan dasa shukokin ganye zalla a wurin.